Shin bitamin na dawo wa saniya da nono a zafin bazara?

Abu_Basawa:
Assalamu alaikum. Jama'a ina neman shawararku, don abin ya fara damuna. Ina da shanun tatsa huɗu a bayan Basawa, uku 'yan aure ne, wato ruwa-biyun Firiziyan ta ƙasar waje da Bunaji, ɗaya kuma Bokolo ce zalla. Tun da zafin nan ya kankama a tsakiyar Maris nono ya ja baya. Babbar cikinsu, wadda muke kira Goshi, da lita 11 take ba mu safe da yamma, yanzu da ƙyar muke samun 7. Da rana ta take sai ka gan ta a tsaye ta ƙi kwanciya, baki buɗe tana haki, yawu na dalala har ƙasa. Dusar da take cinyewa tas a da, yanzu sai ta shinshina ta bar rabi. Na je wani shagon maganin dabbobi, aka ce bitamin ne ya yi mata ƙaranci, aka ba ni allurar bitamin ta haɗaka da wani gari na zubawa a ruwan sha. Na yi mata allurar kwana uku, yau mako biyu ke nan, ban ga canji ba. To bitamin ɗin ne ba ya aiki, ko kuwa ba irin wanda ya dace aka ba ni ba?

Sani_MaiKaji:
Wa alaikumus salam. Malam Abu, bitamin C za ka nema. Mu masu kaji shi ne garkuwarmu a Afrilu. Ranar da na yi sakaci ban zuba a ruwa ba, ranar nake kwasar mushe. Ka gwada, in sha Allahu za ka ba da labari.

Ardo_Galma:
Bokolon fa, ita ma nonon nata ya ragu haka?

Abu_Basawa:
A'a Baba Ardo, ita kam kaɗan ta rage. Dama can ba ta wuce lita 3 ba.

Ardo_Galma:
To ka ga amsarka. Ba ciwo ba ne, jini ne. Saniyar da kakanninta suka tashi a ƙasar sanyi ka kawo ta ka ɗaure a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, me kake so ta yi? Mu shanunmu farare ne, gashinsu gajere, ga fatar wuya mai reto tana kaɗa musu iska. Ba mu taɓa sanin wani bitamin ba. Kanwa muke ba su, mu kai su fadama da sassafe, in rana ta yi su kwanta a gindin ɗorawa.

Likita_Samaru:
Assalamu alaikum. Malam Abu, abin da ka kwatanta alamun wahalar zafi ne sak, kuma Baba Ardo ya taɓo gaskiya. Firiziyan zalla ta fi sakewa in zafin gari bai wuce digiri 25 ba, mu kuwa nan Zariya a Maris da Afrilu yakan doshi 40 da rana. Ruwa-biyu ta fi zalla juriya, amma duk yadda jinin waje ya ƙaru a jikinta, kuma duk yadda take ba da nono da yawa, haka zafi zai fi cin ta. Dalili shi ne saniya murhu ce da kanta. Abincin da ke narkewa a tumbinta zafi yake fitarwa, haɗa madarar ma zafi yake fitarwa. In zafin waje ya haɗu da na ciki, dabarar da jikinta ke yi ita ce ta rage ci. Ba rashin bitamin ne ya hana Goshi cin dusa ba, gudun ƙarin zafi take yi.

Game da allurar da aka ba ka, ka duba jikin kwalbar. Yawancin allurar haɗaka da ke kasuwa dangin bitamin B ne suka fi yawa a ciki. Babbar saniya mai lafiya kuwa, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta suna ƙera mata bitamin B da K. Allurar takan taimaki wadda ta yi jinya ta daina tuƙa, ko wadda take farfaɗowa daga sammore, amma ba ta sanyaya jiki.

Malam Sani, a kaji maganarka daidai ce. Amma saniya hantarta na yin bitamin C da kanta, kuma wanda ka zuba mata a ruwa, yawancinsa a tumbi yake lalacewa kafin ya kai hanji. An ga cewa yakan ragu a jinin saniya lokacin zafi, shi ya sa ake bincike a kansa, sai dai garin da ake zuba wa kaji ba shi ne hanyar ba.

Sani_MaiKaji:
Na gode Dakta, wallahi ban san haka ba. Na ɗauka duk dabba ɗaya ce.

Dan_Kufena:
Ke nan a taƙaice damfarar mutane ake yi. Duk abin da ka je da shi shago, ko ƙaya ce ta soki akuya, sai an haɗa maka da bitamin.

MaiShago_SabonGari:
Haba Dan_Kufena, kada ka yi mana kuɗin goro. Ni shekarata tara a wannan sana'a. Mutum zai zo ba da saniyar ba, ba da hotonta ba, ya ce "ba ta ci, a ba ni allura." In ka ce ya je ya kira likita ya duba ta, sai ya tsallaka shagon gaba. Akwai masu cusa wa mutane kaya, ban musa ba, amma su ma masu dabbobin allura suke so a ba su, ba shawara ba.

Likita_Samaru:
Dan_Kufena, ban ce bitamin ba shi da amfani ba, kada a fahimce ni a baibai. Akwai waɗanda saniya ba ta iya yi wa kanta, sai daga abinci: A da E. Dukansu a ɗanyen ganye suke. Ku lissafa, ruwan sama kan ɗauke mana a Oktoba, zuwa Nuwamba ciyawa ta bushe. Saniyar da ke turke tana cin kara da dusa da harawar da ta sha rana, zuwa Afrilu ta yi wata biyar ba ta ga kore ba. Bitamin A hanta na ajiye shi, amma ajiyar 'yan watanni ce, takan ƙare daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. A nan za ka ga ido na zubar da ruwa, dundumi da magariba, mabiyiya ta maƙale bayan haihuwa, maraƙi ya zo ba ƙarfi. Bitamin E kuma tare da sinadarin siliniyam suna ƙarfafa garkuwar jiki, suna rage ciwon hantsa da maƙalewar mabiyiya. Saboda haka allurar AD3E, wato haɗin bitamin A, D3 da E, a ƙarshen rani tana da muhalli, musamman ga mai ciki. Abin da ba za ta yi ba shi ne ta mayar da lita 7 zuwa 11 alhali saniya na tsaye tana haki.

Maman_Khalifa:
Dakta Allah ya saka da alheri. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Kindirmo nake yi a Tudun Wada, ina sayen madara wajen mutum uku. A watan jiya sau biyu ina dafa madara, in zuba iri, in rufe, gari ya waye ta ƙi kamawa, tana nan tsululu. Da na matsa da tambaya sai ɗaya ya ce ai ya yi wa shanunsa "allurar ƙarfin jiki" saboda zafi. Da ya kawo kwalbar, ashe ba bitamin ba ne, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, irin mai ruwan ɗorawar nan mai daɗewa a jiki. Lita 20 na zubar ranar. Don Allah masu shanu ku riƙa karanta abin da kuke tsira wa dabba.

Dalibi_Shika:
Hajiya wannan babbar matsala ce. Oxytetracycline ke nan, kuma a jikin kwalbar akwai adadin kwanakin da ba a shan nonon bayan allura. Irin kindirmo ai ƙwayoyin halitta ne masu rai, maganin ya kashe su, shi ya sa ya ƙi kamawa. Kindirmon da ya ƙi kamawa ma an gode Allah, an gani. Wanda aka dama da fura aka ba yara fa?

Ummu_Hanwa:
Subhanallahi. Ni kullum sai na saya wa yara nono.

Dan_Kufena:
Mun bar maganar Malam Abu fa. Ni dai tambayata ga Dakta: in ba allura ba, me zai yi gobe da safe?

Injiniya_Dakace:
Kafin Dakta ta dawo bari in faɗi abin da ya faru da ni, don bara na sha irin wannan. Rumfata ta kwano ce, kuma gajera, in na ɗaga hannu ina taɓa rufin. Wata rana da azahar na shiga na tsaya a inda shanun ke tsayawa, ban yi minti biyar ba na ji kamar ana gasa min ƙeya. Kwanon nan wuta yake zubowa. Kuma na zagaye rumfar da bulo har sama saboda tsoron ɓarayi, iska ba ta da hanyar shiga. Abin da na yi, na ɗaga rufin ya kai kusan mita 4, na fasa bulon gefe biyu na sa ƙarfe, na shimfiɗa zana da karan dawa a kan kwanon. Ranar da aka gama, da azahar na tarar da uku a kwance suna tuƙa. Rabon da in ga haka da rana tun Fabrairu. Malam Abu, yaya rumfarka take?

Abu_Basawa:
Injiniya kamar ka leƙo gidana. Kwano ne, gajere, bango ta gefe uku.

Likita_Samaru:
To ka fara daga nan. Sai ruwa. Ba ka gaya mana yadda kake shayar da su ba.

Abu_Basawa:
Safe da yamma, yaro na ɗebo musu a rijiya. Kowace takan sha bokiti biyu ko uku a lokaci ɗaya.

Likita_Samaru:
Ya yi kaɗan ƙwarai. Madara kanta kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce. Ana lissafa wa saniya lita 4 zuwa 5 na ruwa a kan kowace litar madara, a zafi kuma buƙatar ƙaruwa take, babbar saniyar tatsa takan haura lita 100 a yini. Ruwan ya zauna a gabansu dare da rana, a inuwa, ba a baƙar robar da rana ta dafa ba. Da an gama tatsa ma a tabbatar akwai ruwa, lokacin suka fi sha.

Abinci kuma ka juya lokacinsa. Kaso mafi yawa da asuba da kuma bayan magariba, har cikin dare. Da rana kaɗan. Kara da busasshiyar ciyawa mai tauri sun fi haifar da zafi a tumbi, harawar wake ko ta gyaɗa mai kyau ta fi. Amma kada ka ce tunda ba ta cin ciyawa bari ka cika ta da dusa. Yawun nan da kake gani yana zuba ƙasa, shi ne ke kashe tsamin tumbi in ta haɗiye. Ta yi asararsa, ga tuƙa ta ragu, in ka ƙara dusa a kai tumbi zai yi tsami, sai zawo da ciwon kofato su biyo baya.

Ga awon da kowa zai iya yi ba tare da na'ura ba: ka tsaya gefenta ka ƙirga motsin kwiɓinta na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. In ya haura 60 a minti zafi ya fara cin ta. In ya kai 80 ko ta buɗe baki harshe waje, a jiƙa ta nan take. Ruwan ya ratsa gashi ya taɓa fata, a wuya da gadon baya, sannan a bar ta inda iska ke kaɗawa. A kiyaye hantsa, kuma kada wurin kwanciya ya zama caɓi.

Ardo_Galma:
'Yata likita, ba ki ce komai a kan kanwa ba. Ko ita ma boko ya soke ta?

Likita_Samaru:
Ranka ya daɗe Baba, boko bai soke ta ba, biyo ku ya yi. Abin da ke cikin kanwa ɗan'uwan bekin soda ne, wanda manyan gonakin madara ke zubawa a abinci lokacin zafi don kashe tsamin tumbin da na ambata. Matsalarta ɗaya, ba a san ƙarfinta ba: wata jar kanwa ce, wata ungurnu, wata rabi ƙasa ce. Ku kun san gwargwado da ido saboda gado, wanda bai sani ba yakan zuba da yawa saniya ta kama zawo. Sannan duk da ana ce mata fotash, sodiyam ne ya fi yawa a cikinta. Saniya kuwa fotasiyam take zubarwa a gumi, shi kuma a ɗanyen ganye da molasis, wato baƙin ruwan rake da ke raguwa bayan an cire sukari, ake samunsa. Ka ga mun sake dawowa kan kore.

Ardo_Galma:
Madalla. Kore kuwa ko a rani akwai shi ga wanda ya san daji. Gawo da rani yake ganye, 'ya'yansa ma shanu na so. Muna sassabo musu kawo da maɗaci. Sai dai itatuwan sun ƙare, masu gawayi sun gama da su. Inda nake kiwo ina yaro a bakin Galma, yau duk gonakin rani ne da gidaje.

Hajiya_Wusasa:
Ni zogale na shuka layi biyu a bayan gida saboda awaki, da na sayi saniya sai na riƙa tsinko mata. Sannan ina aika yaro wajen masu lambu ya kwaso ganyen karas da na kabeji da ɓawon masarar rani da suke zubarwa. Ba na ba ta da yawa lokaci ɗaya saboda kumburin ciki. Man shanun da nake kaɗawa har launinsa ya fi na maƙwabciyata ja.

Dalibi_Shika:
Hajiya launin nan shi ne shaidar. Sinadarin da ke sa karas ja shi ne jikin saniya ke mayarwa bitamin A, shi ne kuma ke rina man shanu. Ki dai tambayi masu lambun yaushe suka yi feshi na ƙarshe.

Ina so in ƙara wani abu a kan bitamin, don kada a ce an rufe babin. Akwai niyasin, wato B3. An gwada shi a shanun madara a ƙasashen waje saboda yana buɗe hanyoyin jini na fata, saniya ta fi yin gumi. Amma wanda aka yi wa rufi na musamman ne don ya tsallake tumbi, kuma sakamakon bai zo iri ɗaya ba: wani gwajin zafin jiki ya ɗan sauka, wani kuma madara ba ta ƙaru ba. Ba shi ne ke cikin sacet ɗin da ake sayarwa a shaguna ba.

Dan_Kufena:
To ni dai har yanzu ina kan bakana. Wanda bai da rijiyar burtsatse da sola, ya bar 'yan auren nan. Lita 100 sau huɗu kullum a Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa? Gara Bunaji goma da Firiziyan biyu.

Injiniya_Dakace:
Bunaji goma a ina za ka ɗaure su a cikin gari, me kuma za ka ba su? Lita 2 ko 3 fa kowace. Ai dalilin da ya sa cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana aurar da Firiziyan da Bunaji ke nan. Wurin nan tun 1928 ake kiwon gwaji a cikinsa, a 1976 ya zama cibiyar ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Rabi da rabi na jure ƙasarmu in an kula da ita. Inda mutane ke kuskure shi ne su yi ta ƙara jinin waje har saniya ta kusa zama zalla, rumfa kuwa tana nan irin ta Bunaji.

Ardo_Galma:
Wannan gaskiya ne. Amma ranar da sammore ko kaska suka shigo, za ka san wacce ce 'yar gida.

MaiShago_SabonGari:
Tunda an wanke AD3E, bari in faɗi nawa. Bitamin ba ya son zafi da haske, A musamman. Kwalbar da ta yi wata uku a kan tebur a rana a kasuwar ƙauye, ko kwanan watanta bai ƙare ba, ƙarfinta ya tafi. Ku duba lambar NAFDAC, ku duba ranar ƙarewa, ku kuma duba inda aka ajiye ta. In kun kai gida kada a rataye ta a jikin rumfar kwano.

Likita_Samaru:
Haka ne. Kuma mai siliniyam a ciki kada a maimaita shi barkatai, tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa kaɗan ce. A da D ma taruwa suke a jiki, ba kamar B ba da ke fita a fitsari. Malam Abu, kafin ka sayi komai a auna zafin jikin Goshi da asuba. Daidai shi ne digiri 38 zuwa 39. In da sanyin safiya ma ya haura haka, ba zafin gari kaɗai ba ne, a ɗebi jininta a kai asibitin dabbobi na jami'a a duba sammore da cututtukan kaska. Kuma wata nawa da haihuwarta? Nono na raguwa da kansa bayan wata biyu zuwa uku.

Abu_Basawa:
Watanta huɗu da haihuwa Dakta. Kuma har yau ba ta nemi sa ba, shi ma yana damuna.

Likita_Samaru:
Zafi na ɓoye wannan ma. Takan yi neman a gajarce, galibi cikin dare, ba mai gani. Ka riƙa leƙa su bayan isha'i da kafin asuba.

Abu_Basawa:
Jama'a na dawo bayan kwana tara. Na fasa bango ɗaya, na jera zana a kan kwano, na yanka durom biyu na ajiye a inuwa, yaro na cika su sau huɗu. Abinci ya koma asuba da dare. Zafin jikinta da safe 38.6 ne. Jiya mun tatsi lita 8 da rabi, kuma na same ta a kwance da azahar. Ba ta koma 11 ba. AD3E ɗin ban yi ba tukuna, akwai ɗaya mai ciki wata bakwai, ita nake tunanin fara yi wa.

Dan_Kufena:
Ka tuna fa an yi hadari kwana biyu a makon nan, gari ya ɗan yi sanyi. Ka bari a sake kwana uku ana rana kafin ka yanke hukunci.

Hajiya_Wusasa:
Dakta, ita mai cikin da ba a tatsa, ita ma sai an riƙa jiƙa ta? Tawa saura wata ɗaya ta haihu, kuma ita ce na bari a gefen da rana ta fi bugawa tunda ba ta ba da nono.

Likita_Samaru:
Hajiya ki sauya mata wuri yau ɗin nan. Mai tsohon ciki in ta sha zafi, maraƙin kan zo ƙarami, nonon da za ta bayar bayan haihuwa ma ya ragu. Malam Abu, turo min hoton bayan kwalbar da kake son saya in ga abin da ke ciki kafin ka tsira mata.